Ga masu zama a tirelar tafi-da-gidanka a Amurka

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai niyyar kama fili na wata-wata a sansanin tireloli, ya fara tambaya ko kuɗin wuta na cikin haya. Masu kwana ɗaya ko biyu galibi an haɗa musu, amma mai zaman wata mita ake sa masa. Ranar da ka iso ka ɗauki hoton mitar da wayarka. Ni ban ɗauka ba, sai da na biya wutar wanda ya tashi kafin ni, kuma ba yadda na iya.

Yawancin ƙananan tireloli layin amfiya 30 gare su a kan bolt 120, wato wat 3,600 gaba ɗaya. Esin (na'urar sanyaya ɗaki) da ke kan rufi kaɗai na jan kusan wat 1,500. Ka kunna shi, uwargida ta jona butar shayi, hitar ruwan wanka na aiki, sai ɗif! Ka fita da silifas cikin dare kana laluben makunni a jikin turken da ake jona wa tirela wuta.

Lissafin ba wuya. Esi na awa 8 a rana yunit 12 ke nan, 360 a wata. In yunit santi 15 ne, dala 54 ta tafi. Bangon tirela kuwa siriri ne, ba ya riƙe sanyi, don haka ka nemi gindin bishiya, ka toshe tagogin da ke kallon rana da labule mai ƙyalli.

Hitar ruwa kuma, kunna ta ɗan lokaci kafin wanka ya isa, sai ka kashe.