Babi na 4: Gwangwani, Jarka da Buhu Suna da Sauran Aiki

Iyayena da 'yan uwana, ku karanta wannan babi da ƙarfi, kalma bayan kalma. In wata kalma ta yi muku gardama, ku ɗora yatsa a kanta ku tambayi na kusa da ku. Babu kunya a tambaya. Za mu koyi yadda kayan da muke zubarwa a juji za su rage mana kashe kuɗi a gida da lambu.

Darasi na 1: Reno a gwangwani

Ku nemo gwangwanin tumatir babba ko na madara, ƙusa 1, dutse ko guduma, tsingaro, rairayi, ƙasa, da takin awaki wanda ya ruɓe. Taki ruɓaɓɓe shi ne wanda ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen taki yana ƙona shuka.

1. Ku wanke gwangwanin. Ku daddanne bakinsa da dutse don kada ya yanki yaro.

2. Ku kife shi a ƙasa, gindinsa yana kallon sama. Ku ɗora ƙusa a gindin, ku buga. Ku huda wuri 5, ɗaya a tsakiya, huɗu a gefe. Gindi za a huda, ba jiki ba, ba baki ba.

3. Ku ɗaga gwangwanin ku duba ta ciki wajen rana. Kun ga haske ta huda 5? In ba ku gani ba, ku mayar ku sake bugawa.

4. Ku sa tsingaro biyu ko uku a ciki don ƙasa kada ta toshe hudar.

5. Ku gauraya ƙasa awo 1, rairayi awo 1, taki awo 1. Da gwangwanin za ku auna. Ku zuba, ku bar faɗin yatsa biyu daga baki.

6. Ku shuka. Irin tumatir ko tattasai ƙwaya 3, a rufe da ƙasa kaɗan. Irin zogale ƙwaya 2, zurfin gaɓar yatsa.

7. Ku zuba ruwa a hankali, ku jira. Ruwa ya ɗigo ta ƙasa? Madalla. In bai ɗigo ba, kada ku ci gaba. Ku juye ƙasar, ku koma lamba 2.

Mu tsaya a kan hudar nan, don a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Saiwa tana shan ruwa, amma tana bukatar iska. In ruwa ya kwanta a gindin gwangwani, saiwa ta ruɓe. Ganye ya yi ɗorawa ya langaɓe. Mai shuka ya ga haka, ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, shuka ta ƙarasa mutuwa. A aji na sha karɓar gwangwani irin wannan. In na karkata shi, baƙin ruwa ne ke tsiyayowa mai wari, in na ja shukar ta fito ba saiwa, gindinta ya yi laushi. Sai mai ita ta ce, "Malam, irin ne ba shi da kyau." Inna, irinki lafiyarsa lau. Ba ki huda gwangwanin ba ne.

Na san abin da ke riƙe muku hannu. Mu a Damagaram ruwa ba abin wasa ba ne. Wanda ya kwana jiran famfo a Garin Malam ko Kara-Kara, ko ya sayi jarka a hannun ɗan ga-ruwa cikin watan Afrilu, ba zai so ya ga ruwa yana bin ƙasa ba. Kuna da gaskiya. To ku sa tsohon faranti a ƙarƙashi. Abin da ya ɗiga, ku juye wa gwangwani na gaba a ranar. Kada ya kwana yana taruwa, don sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙwai, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ya tashi. Ruwa bai ɓata ba, shuka ta sha iska. Amma a huda.

Ku rubuta a littafinku sau 3: Zan huda gindin gwangwani kafin in zuba ƙasa.

Renon tumatir an fi yinsa bayan damina, wajen Oktoba da Nuwamba. Ku ajiye inda hantsi ke samu, ba ranar tsaka ba. In ya tsiro ku bar mai ƙarfi ɗaya. Bayan mako 3 zuwa 4 a dasa shi da yamma, da ƙasarsa.

Lissafi: A ce ana sayar da dashen zogale ɗaya dala 20, wato sefa 100. Kun rena 10 da kanku. Dala nawa ta tsaya a aljihunku? Ta kai jika?

Tambaya: Gwangwanin Baba ba huda. Me zai sami shukarsa?

Darasi na 2: Wake a jarka

Da kaka wake yana araha a Kasuwar Dole, da bazara ya yi tsada. Mai iya ajiya shi ke cin riba. Jarkar man girki, bidon nan mai lita 25, tana ajiye wake ba tare da an sayi magani ba.

Ku wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi har maiƙo ya fita. Ku kife ta a rana sai ta bushe ƙarau. Ku shanya waken, ku sheƙe shi. Ku ciji ƙwaya ɗaya: in ta ce ƙas, ya bushe. In haƙori ya nutse, a mayar shanya. Ku cika jarkar, ku girgiza, ku ƙara har baki. Ku shimfiɗa leda a bakin, ku murɗa murfi tam. Ƙwarin da ke ciki iska za ta ƙare musu su mutu. Ku ajiye a inuwa, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Wanda za a ci a wannan watan a ware shi daban.

Ku lura da kyau: jarkar wake ba a huda ta. Ko tsaga gare ta, ba ta yi ba. Gwangwanin shuka shi ake hudawa. Jarka a toshe, gwangwani a huda. Ku faɗa tare.

Yanzu zan yi faɗa. Jarka ko kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba ta shiga gida. Ba ruwan sha, ba nono, ba mai, ba wake. Kada wani ya ce mini ya wanke da omo. Guba tana shiga jikin roba, wanki ba ya fid da ita duka. Haka jarkar fetur da ta baƙin mai. An faɗa a aji, an sake faɗa, amma har yanzu ana ganinsu a bakin rijiya a hannun yara. Wane kuɗi kuka rage in kun kwana a likita da yaro? Ku farfasa ta don kada wani ya tsinta ya yi aiki da ita.

Darasi na 3: Ruwa sau biyu

Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na ganye duk na shuka ne. Ku yi alwala a kan tasa, ku kai wa zogale. Ruwan omo da mai gishiri ba a zuba wa shuka.

Gorar roba mai lita 1 da rabi: ku zafafa allura, ku huda wuri 2 kusa da gindi. Ku binne rabinta kusa da shuka, ku cika, ku ɗora murfi ba tare da matsewa ba. Za ta riƙa tsatsafowa wajen saiwa. Nan ma in ba huda, ba aiki.

Darasi na 4: Buhu da toka

Tsohon buhun shinkafa: a naɗe bakinsa, a huda gindi, a cika da ƙasa irin ta Darasi na 1. Yakuwa da kuɓewa suna yi a ciki, ko a gidan haya. A tsare shi daga awaki.

Tokar itace: a barbaɗa kaɗan a gefen shuka. Kaɗan na ce.

Darasi na 5: Leda

Ledar ruwa da aka shanye tana renon itace kamar gwangwani. A yanke sama, a huda ƙasa. Saura a tattara, don akuya tana cin leda ta cushe mata tumbi. Ba a hura wutar girki da ita.

Aikin gida: kowa ya zo da gwangwani 2 da ƙusarsa ranar aji mai zuwa. Kada a zuba ƙasa sai na duba.