Bitamin D ga Mai Asma: Wa Zai Sha, Nawa Zai Sha

Da hunturu ya shigo Gusau da ƙurarsa, masu asma kan yi ta zirga-zirga a kemis, wasu kuma a tallata musu bitamin D wai yana maganin fuka. Zancen yana da tushe. Nazarin Cochrane (ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen magunguna ta tantance) na 2016 ya nuna kamar yana rage tashin ciwon mai tsanani, amma da aka sabunta shi a 2023 da ƙarin gwaje-gwaje, ba a ga wannan amfanin ba. Saboda haka mai ƙarancinsa a jiki ne ke sha, kuma maganin asmarsa na shaƙa na nan daram, ba a daina shi.

A fara da gwajin jini mai suna 25-OH D. Ƙasa da 12 ng/mL ƙaranci ne, daga 20 zuwa sama ya wadatar. Waɗanda suka fi dacewa da gwajin su ne matan kulle da rana ba ta cika taɓa fatarsu ba, tsofaffin da ba sa fita, da masu shan prednisolone (ƙwayar da ake ba mai asma in ciwon ya tsananta) a kai a kai, don ƙwayar tana raunana ƙashi.

Buƙatar kullum IU 600 ce (IU shi ne ma'aunin bitamin da ake rubutawa a jikin kwali) daga shekara 1 zuwa 70, sama da haka 800, jariri 400. Babba kada ya haura IU 4,000 a rana sai da umarnin likita. A nan ake yawan kuskure: akwai ƙwaya mai IU 50,000 wadda likita ke rubutawa sau ɗaya a mako, na kamar mako 8, sai mutum ya riƙa haɗiyarta kullum. Bitamin D taruwa yake yi a kitsen jiki, fitsari ba ya wanke shi. Idan ya yi yawa kalsiyam na hauhawa a jini, sai tashin zuciya, ƙishirwa, yawan fitsari, har tsakuwar ƙoda. Duba lambar da ke jikin kwalin kafin ka biya.

A sha shi tare da abinci mai maiƙo, ko tuwo da miyar man gyaɗa ne, ya fi shiga jiki. Ƙwanduwar ƙwai da kifin sadin ma suna da shi. Ranar da ta ratso gilashin taga kuwa ba ta haɗa shi a fata.

Abin shaƙa na rigakafi, irin mai budesonide ko beclomethasone, a ci gaba da shi yadda aka rubuta, a kuskure baki bayan an shaƙa. In Ventolin, abin shaƙar da ake amfani da shi idan ciwon ya tashi, ya kasa kwantar da numfashi, ko magana ta gagara saboda haki, a wuce asibiti nan take.