Yadda ake haɗa furen 'ya'yan itace a gida

Furen 'ya'yan itace ado ne da ake ci. Ana yanka kayan marmari, a soke su a tsinke, a kafa cikin kwano su tsaya kamar damin furanni. Kayan aikinsa kaɗan ne, amma abu biyu ne ke tsayar da shi: taurin 'ya'yan itacen da kuma bushewar jikinsu. Duk wanda ya yi laushi ko yake tsiyayar da ruwa zai zame daga tsinke tun kafin a kai shi gaban baƙi.

Saboda haka ki fara da zaɓe. Abarba ce kan gaba, domin namanta yana riƙe duk siffar da aka ba shi. Inabi, sitiroberi, kiwi da tuffa suna biye da ita. Gwanda da mangwaro ki ɗauki waɗanda suka nuna amma ba su yi lugub ba. Kankana tana ɗaukar ido, sai dai ruwanta ya yi yawa, don haka ki sa ta kaɗan kuma daga ƙasa. Ayaba kam ni ba na ba da shawarar ta, tana baƙi da wuri.

Ki tanadi wuƙa mai kaifi, dogayen tsinke na gora, ƙarfen fitar da siffar biskit mai kamar fure ko tauraro, kwano mai nauyi, da kan kabeji guda.

Ki wanke hannu, ki wanke 'ya'yan itacen duka, har da abarba da kankana da ba a cin ɓawonsu, domin wuƙa tana ɗaukar dattin waje ta shigar da shi ciki. Sai ki tsane su da tsumma mai tsabta.

Yanzu gindi. Ki rage kabejin da wuƙa har ya shiga kwanon ya matse sosai, ba ya motsi ko an girgiza. Shi ne zai riƙe tsinken. Kada ki yi amfani da koren soson da masu sayar da furanni ke kafa fure a ciki, ba a yi shi don taɓa abinci ba.

Wurin yanka ne aikin ke son natsuwa. Ki kwantar da abarba ki yanka ta faifai-faifai, kaurin kowanne kamar santimita 2. In ya fi haka siriri zai yage, in ya yi kauri zai rinjayi tsinken. Ki ɗora ƙarfen a tsakiyar faifan ki danna da tafin hannu, ta yadda ƙashin tsakiyar abarbar zai zauna a cibiyar furen. Wannan wuri mai tauri shi ne zai kama tsinke gam. Ki fara soka ƙwayar inabi ɗaya ki tura ta ƙasa kaɗan, ta zama matashi, sannan furen abarba ya zauna a kanta, sai ki rufe bakin tsinken da wani inabin ko ƙaramin dunƙulen gwanda. Sitiroberi ana soke shi ta wajen ganye, a tsaya kafin tsinken ya ɓullo ta sama. Inabi kuma ki jera biyar ko shida a tsinke guda. Tuffa da zarar kin yanka ki shafa mata ruwan lemun tsami, yana rage saurin da iska ke mayar da ita ruwan ƙasa. Duk abin da kika yanka ki shimfiɗa shi a kan tsumma ya ɗan tsane.

Idan kina son cakulan, ki narkar da shi a kwanon da kika ɗora kan tukunyar ruwan zafi. Ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya sa shi ya dunƙule, don haka sitiroberin da za ki tsoma ya bushe sarai. Ki sa a firji ya daskare kafin ki kafa.

Wajen kafawa ki fara da dogaye a tsakiya, ki riƙa karya tsinken yana gajarta yayin da kike fitowa gefe, na bakin kwano su ɗan karkata waje. Ki riƙa juya kwanon kina dubawa don kada nauyi ya taru a ɓangare ɗaya. Inda kabeji ya leƙo ki toshe da ganyen latas.

Ki haɗa shi a ranar da za a ci, ki lulluɓe da leda ki ajiye a firji mai sanyin digiri 4 ko ƙasa da haka. Yankakkun 'ya'yan itace kada su wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1 ce. In akwai ƙananan yara, ki zare musu nasu daga tsinke ki zuba a faranti, inabin kuma ki tsaga shi ta tsawonsa don kada ya maƙale musu a wuya.