Yadda ake tantance agogon nutso kafin a biya kuɗi, da yadda ake fara tara su a Zariya

Agogon nutso na farko da na saya bai yi mako uku a hannuna ba. A kasuwar Sabon Gari na same shi, baƙar fuska, ƙarfe mai nauyi, an rubuta mita 200 ƙasa da hannayensa. Wata rana ruwa ya tare ni a kan babur tsakanin Samaru da Kwangila, washegari na tashi na tarar da raɓa ta lulluɓe cikin gilashin. Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo, ya buɗe bayansa, ya juya murfin a tafinsa, ya ce, "Ɗana, ai wannan ko robar tare ruwa ba shi da ita. Rariya ka saya." Na ce, "Baba, amma an rubuta mita 200." Ya ce rubutu ba ya tare ruwa. Tun daga ranar na daina sayen abin da aka rubuta a fuska, na koma duba abin da hannuna da idona za su iya tabbatarwa.

Wani zai ce ina Zariya ina teku. Gaskiya ne, amma agogon da aka ƙera don ya jure ruwan gishiri shi ne ya fi dacewa da mutumin da ke alwala sau biyar a rana, ya sha ruwan damina a kan hanya, ya ratsa ƙurar hunturu, ya yi zufar bazara. Robar da ke hana ruwa shiga ita ce ke hana ƙura shiga.

Mataki na farko, kafin ka taka kasuwa, ka yanke abin da kake so ka tara da iyakar kuɗin da za ka kashe. Agogon nutso irin wanda muka sani a yau ya fito ne a 1953, lokacin da kamfanin Blancpain ya yi Fifty Fathoms wanda sojojin ruwan Faransa masu nutso suka yi aiki da shi, Rolex kuma ya yi Submariner. Seiko na Japan ya shigo da nasa na farko a 1965, mai jure mita 150, a 1967 kuma Tarayyar Sobiyet ta fitar da Vostok Amphibia. Akwai mai bin wannan tarihin, akwai mai tsayawa kan kamfani ɗaya, akwai mai son ɗaya na batir, ɗaya na hasken rana, ɗaya otomatik, wato mai tafiya da motsin hannu ba da batir ba. Duk wanda ka zaɓa daidai ne. Abin da ba ya yi shi ne sayen duk abin da ya ɗauki ido, don a ƙarshe za ka tarar da akwati cike da agoguna goma babu guda ɗaya da za ka yarda ka sa a ruwa.

Mataki na biyu, karanta rubutun da kyau, gaba da baya. Lambar mitocin da ake rubutawa matsin ruwa ne da aka gwada a ɗakin gwaji, kowane mita 10 na zurfi kusan ma'aunin bar ɗaya, shi ya sa za ka ga 10 BAR a madadin mita 100, ko 20 BAR a madadin mita 200. Mai mita 30 fantsamar ruwa kawai yake ɗauka. Mai mita 100 ya isa iyo. Shi kuwa agogon nutso na haƙiƙa yana da ƙa'idarsa ta duniya mai suna ISO 6425: dole ya jure aƙalla mita 100, a gwada shi a matsin da ya zarce abin da aka rubuta da kashi 25 cikin 100, a iya karanta lokaci a baƙin duhu daga nisan santimita 25, ya jure maganaɗisu da bugu da ruwan gishiri. Wanda ya cika waɗannan shi ke ɗauke da kalmar DIVER'S kafin lambar mitoci, kamar yadda za ka gani a Seiko Prospex da Citizen Promaster. Amma kada ka raina wanda ba shi da kalmar. Casio MDV-106, wanda ake kira Duro, da Orient Kamasu duk mita 200 ne ba tare da wannan shaidar ba, kuma agoguna ne na ƙwarai. Inda mutane ke yawan ruɗewa shi ne Seiko 5 Sports da aka sabunta a 2019: kamarsa ɗaya da tsohon agogon nutso na Seiko mai suna SKX007, amma mita 100 ne, maɓallinsa kuma ba ya ɗauruwa.

Wannan maɓallin shi ne farkon abin da za ka taɓa a mataki na uku, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Maɓallin saita lokaci da ke gefe ƙofa ce, ta nan ruwa ya fi shiga. A agogon nutso murɗa shi ake yi ya ɗauru kamar noti. Kwance shi, sannan ka danna ka mayar a hankali. Na gari zai kama zarensa nan take, ya yi zagaye biyu ko uku sumul, ya tsaya cak. In ka ji yana ƙarar yashi, ko yana zamewa sai ka yi ta lalube kafin ya kama, zaren ya ci, kuma gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne. Maimaita sau uku a gaban mai kaya, kada ka ji nauyinsa.

Daga nan sai zoben da ke kewaye da gilashi, mai lambobin minti. Juya shi. Ya kamata ya tafi ɓangare guda kawai, saɓanin tafiyar hannayen agogo, yana ƙas-ƙas, ko dai sau 60 ko 120 a zagaye ɗaya. Dalilin yana da kyau a sani: mai nutso yana daidaita alamar zoben da hannun minti lokacin da zai shiga ruwa, in wani abu ya bugi zoben ya motsa, to zai nuna masa ya daɗe fiye da yadda ya daɗe, sai ya fito da wuri da sauran iska a tukunyarsa. Da zoben na juyawa ɗaya ɓangaren, kuskuren zai iya cin ransa. Mayar da alamar kan ƙarfe 12 ka duba ko ta zauna daidai da alamar fuska. Ɗan karkacewa kaɗan na faruwa har a agogunan Seiko na asali, don haka shi kaɗai ba hujjar jabu ba ne, amma hujja ce ta rage tayi. Zoben da ke girgiɗi kuwa, ko mai juyawa gaba da baya ba ƙara, ka ajiye shi, sai dai in Vostok ne, wanda dama haka ake yin nasa.

Haske kuma, kunna tocilar wayarka a kan fuskar na daƙiƙa goma, ka rufe da tafukanka ka leƙa. Hannaye da alamomin awa da ɗigon da ke kan zobe duk su kama haske, har da hannun sakan, don shi ke shaida wa mai nutso cewa agogon bai tsaya ba. Fentin Seiko mai suna LumiBrite da wanda ake kira Super-LumiNova kan kai asuba ana iya karanta su. Na jabu minti biyar ya mutu. Wanda ya saba tashi sallar asuba an ɗauke wuta ya san darajar wannan.

Gilashi iri biyu ne a mafi yawan lokaci: na gama-gari mai tauri, wanda Seiko ke kiran nasa Hardlex, da kuma safaya, wanda taurinsa 9 ne a ma'aunin Mohs da lu'ulu'u ke da 10. Yashi na iya karce na farko, da wuya ya karce na biyu. A garin ƙura irin namu, ni ina ƙara kuɗi don safaya.

Mataki na huɗu, inji. Dubi hannun sakan. Na batir tsalle ɗaya yake yi kowace daƙiƙa, otomatik kuwa yana tafiya kamar yana sulalewa, taku shida a daƙiƙa in injin mai bugu 21,600 ne a awa, takwas in mai 28,800 ne. Kada kowa ya ce maka na batir ƙasƙanci ne. Kuskurensa bai wuce daƙiƙa 20 a wata ba, alhali injin Seiko NH35, wanda ya cika agogunan otomatik masu sauƙin kuɗi, kamfanin da kansa ya ce zai iya jinkirin daƙiƙa 20 ko saurin daƙiƙa 40 a rana guda. Ko agogunan Suwizalan masu shaidar COSC, hukumar gwajin daidaiton agogo ta ƙasar, an yarje musu jinkirin daƙiƙa 4 zuwa saurin 6 a rana. Abin da nake so da NH35 shi ne samuwarsa: yana da araha, ana iya cire shi gaba ɗaya a sa sabo, yana karɓar wani da hannu, wato a murɗa maɓallin a cika shi, kuma in ka ajiye shi cike zai yi kusan awa 41 kafin ya tsaya. Tsohon 7S26 na cikin SKX007 ba ya karɓar wani da hannu, sai ka girgiza shi, amma jaki ne wajen aiki. Raunin na batir ɗaya ne: duk bayan shekara uku ko makamancin haka sai an buɗe bayansa, kuma kowace buɗewa dama ce ta lalata roba. Shi ya sa in an tambaye ni agogo ɗaya tak ga mazaunin Zariya, Citizen Promaster mai Eco-Drive nake cewa. Da haske yake caji, rana kuwa ba mu rasa ta ba, in ya cika zai yi kusan wata shida ko a cikin akwati.

Mataki na biyar ya shafi jabu da gwanjo. Sabon Submariner na ƙarfe ya haura dala 9,000 a shagon wakilan Rolex, don haka wanda aka miƙo maka a kan tire da kuɗin buhun masara ba sai an kira masani ba. Jabun da ya fi cin mutane shi ne na Seiko, saboda farashinsa bai isa ya sa ka zargi ba. Juya bayan agogon. Seiko na rubuta lambar inji haɗe da lambar gidan agogon, misali 7S26-0020 a SKX007, kuma lambar injin nan tana nan da ƙananan haruffa a ƙasan fuska. Su zo ɗaya. Akwai kuma lamba mai alƙaluma shida: na farko shi ne ƙarshen shekarar ƙira, na biyu wata, inda O da N da D ke nufin Oktoba da Nuwamba da Disamba. SKX007 ya fito a 1996, an daina yin sa wajen 2019, saboda haka mai cewa yana da sababbi katan-katan a farashin da, sai ka ƙara buɗe ido. Akwai kuma tsofaffin agoguna da ake haɗa su da sassa daban-daban a sake musu fenti, masu yawan fitowa daga Indiya. Launukan fuskarsu kan yi ƙyalli fiye da kima. Su kuwa kamfanonin Sin irin San Martin da Steeldive, masu kwaikwayon siffar manyan agoguna amma da sunansu a fuska, ba jabu ba ne. Ba su yi maka ƙarya ba, kuma da yawansu NH35 da safaya suke sawa. Sai dai in ka tashi sayarwa, kuɗinka ba zai dawo kamar na Seiko ba.

In gwanjo ne, ka roƙi mai kaya ku je wurin mai gyara tare a buɗe bayan. Zuwa da kai ya fi aike, hoton WhatsApp ba ya nuna tsatsa. Ka nemi ganin robar murfi: ta zama baƙa, mai laushi, zagayayya, ba busasshiya ko lanƙwasasshiya ba. Ka duba gefen inji ko akwai jan tsatsa ko kore-kore. Kafin a buɗe ma akwai ɗan gwaji: bar agogon ya ɗumama a rana kaɗan, ka ɗiga ruwan sanyi a kan gilashi, bayan minti guda ka goge. In hazo ya fito ta ciki, danshi ya riga ya shiga. Gwajin ba ya tabbatar da cewa ruwa ba zai shiga gobe ba, abin da ya riga ya faru kawai yake tonawa.

Mataki na shida, lissafi. Farashin da ka gani a intanet da dala ba shi ne farashin ba. Ƙara canjin ranar, kuɗin aikowa, abin da kwastan za su karɓa, da kuɗin sauya maɗauri, don sarƙar agoguna masu araha ita ce inda kamfanoni ke tsuke hannu. Sannan ka tambayi kanka abin da kowane ƙari ke sayo maka. Daga Duro, wanda bai kai dala 100 ba, zuwa Kamasu mai dala ɗari biyu da wani abu, kuɗinka ya sayo injin otomatik da safaya, abubuwan da za ka gani ka taɓa. Daga nan zuwa agogunan manyan kamfanoni irin Tudor ko Omega kuwa, akwai ingancin aiki da daidaiton lokaci na gaske, amma kaso mai yawa na kuɗin suna ne, kuma in ya buƙaci gyara sai an fitar da shi daga gari, wataƙila daga ƙasar. Ramin fitar da iskar hiliyom da ake yi wa talla, wanda Rolex ya sa a Sea-Dweller a 1967, na ma'aikatan da ke kwanaki a ɗakin matsi ne a ƙarƙashin teku. Kada ka biya ko sisi dominsa.

Da ka saya, ka sa shi a hannu damina guda da hunturu guda kafin ka nemi na biyu, a nan za ka san ko nauyinsa da faɗinsa sun yi maka. Duro milimita 44 ne, ba kowane wuyan hannu yake karɓa ba. Kullum ka tabbatar maɓallin a ɗaure yake kafin ka taɓa ruwa. Wajen alwala ka motsa agogon ruwa ya ratsa ƙarƙashinsa. In ƙurar hunturu ta sa zobe ya yi tauri, wanke shi da ruwa mai tsabta da tsohon buroshin haƙori kana juyawa, kada ka ɗiga masa mai. Ka nisanta otomatik da lasifika da bayan firji da murfin waya mai maganaɗisu, don su ke sa shi gudu ba dalili. Duk lokacin da aka buɗe bayansa kuma, ka tsaya a kan mai gyara ka ga ya shafa wa robar man silikon ya zaunar da ita a raminta kafin ya ɗaure murfin, in ta bushe a sauya ta a ranar, kafin ruwan farko ya sauka.