Darasi na Tara: Yadda ake neman biza ta intanet

Biza izini ce da wata ƙasa ke ba baƙo ya shigo cikinta. A da, sai mutum ya ɗauki fasfonsa ya je ofishin jakadanci, ya bi layi, a manna masa takarda ko a buga masa hatimi. Yanzu ƙasashe da yawa suna ba da wannan izini ta intanet. Ostireliya ta fara tun 1996, Turkiyya a 2013, Indiya a 2014, Saudiyya kuma ta buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019. Kuna zaune da waya ko kwamfuta za ku cike fom, ku biya kuɗi da katin banki, amsa ta zo muku ta imel.

Kafin komai, ku bincika ko ƙasar da za ku je tana ba masu irin fasfonku wannan biza. Kowace ƙasa tana da jerin ƙasashen da ta amince wa, wanda ƙasarsa ba ta cikin jerin kuwa ofishin jakadanci zai nufa. Ku kuma san irin bizar da ta dace da tafiyarku. Ta yawon buɗe ido ba ta ba da damar neman aiki, ta Saudiyya ma ba a yin aikin Hajji da ita.

Shafin gaskiya da na bogi

A nan ne ake cutar mutane sosai, kuma abin yana da ciwo. Akwai shafukan da aka ƙawata da tuta da tambari kamar na gwamnati, alhali 'yan kasuwa ne ko 'yan damfara. Wasu su ninka muku kuɗi, wasu su karɓe kuɗin ku nemi biza ku rasa. Sau da yawa su ne ke fitowa a sahun farko idan aka yi bincike, domin sun biya kuɗin talla. Ku kalli ƙarshen adireshin shafin: na Indiya yana ƙarewa da gov.in, na Turkiyya da gov.tr. Hanya mafi tsaro ita ce ku shiga shafin ofishin jakadancin ƙasar, ku bi mahaɗin da suka ajiye.

Fasfo a buɗe a gabanku

Ku tanadi fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, domin ƙasashe da dama haka suke buƙata. Sai hoto sabo mai farin bango, fuska a bayyane, da imel ɗin da kuke iya buɗewa da kanku. Wasu ƙasashe suna neman tikitin dawowa da adireshin masauki.

To, yanzu ku buɗe fasfo a shafin da hotonku yake, kada ku rufe shi har ku gama. Wannan shi ne babban abin da nake so ku riƙe a darasin nan. Bizar intanet ba a manne take a fasfo ba, tana cikin kwamfutar hukumar shige da fice, ɗaure da lambar fasfonku. Idan harafi ɗaya ya saɓa, kwamfutar za ta ɗauka wani mutum ne daban, kamfanin jirgi kuma yana iya hana ku hawa.

Don haka kada ku rubuta komai da ka. Idan fasfo ya ce Muhammed, kada ku rubuta Muhammad, ko da kuwa haka kuka saba rubutawa tun yarinta. Fasfo ya raba suna gida biyu: sunan mahaifi ko na dangi a sama, sunan yanka a ƙasa. Fom ma haka ya raba, kowanne da akwatinsa. In kun rikice, ku dubi layuka biyun da ke can ƙasan shafin, masu cike da alamar <. A layin farko, bayan haruffa uku na sunan ƙasarku, sunan dangi ne ke zuwa, sai alamar << sannan sunan yanka. Layi na biyu da lambar fasfo yake farawa. Ku ɗora yatsa a kai, ku kwafa ɗaya bayan ɗaya, kuna lura da harafin O da sifili, da harafin I da lamba 1, domin suna kama da juna.

Ranar haihuwa ma tana da tarko. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, wato 03/07 a wurinsu 7 ga Maris ne, a wurin wasu kuma 3 ga Yuli. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin akwatin.

Idan wani ne ke cike muku, babu laifi, amma ku zauna kusa da shi, ya karanta muku kowane layi da babbar murya kafin ya tura. Amsoshin naku ne, ku za a tambaya. Kada ku yarda a rubuta ƙarya a kan sana'arku ko dalilin tafiyarku, kada kuma ku bar masa lambar sirrin katinku. Sauri ya haifi nawa: galibi ba a mayar da kuɗin biza ko da an ƙi ba ku, gyaran kuskure kuma sau da yawa sai an sake nema an sake biya.

Bayan amsa ta zo

Ku adana lambar da aka ba ku bayan biya, da ita ake duba inda aka kwana. Idan bizar ta iso, ku sake gwada ta da fasfo, sannan ku buga ta a takarda, domin cajin waya yana iya ƙarewa a filin jirgi. Ku lura da abu biyu da ake yawan cakuɗawa: tsawon lokacin da bizar ke aiki daban, yawan kwanakin da aka yarda ku zauna daban. Biza tana iya aiki kwana 180, amma zaman da aka ba ku kwana 30 ne kawai. Ku duba kuma ta inda aka yarda ku shiga, Indiya misali ta ware wasu filayen jirgi da tashoshin ruwa. A bakin shiga, jami'in shige da fice ne ke da magana ta ƙarshe, ku amsa masa daidai da abin da kuka rubuta.

Aikin gida

Ku ɗauki fasfo ko katin shaida, ku kwafi sunan dangi, sunan yanka, lamba da ranar ƙarewa a littafinku. Ku ba na kusa da ku ya gwada harafi da harafi, ku kawo wa malami a darasi na gaba.