Yadda ake zagaya tsoffin gidajen sarauta a karkarar ƙasar Ayalan

Kafin maganar mota ko masauki, fara da biza. Ayalan ba ta cikin yankin Shengen, kuma bizar Birtaniya ba za ta shigar da ɗan Najeriya ko ɗan Nijar birnin Dublin ba, sai ka nemi ta ƙasar ita kanta. Arewacin tsibirin kuwa na Birtaniya ne. Babu shinge a kan iyakar, amma kada hakan ya ruɗe ka ka tsallaka ba takarda.

Idan biza ta fito, sai ka zauna da taswira ka rage buri. Kwaɗayi mabuɗin wahala: wanda ya ce sai ya ga gida biyar a yini, a mota zai ƙare yininsa. Wuri biyu a rana ya isa. Daga nan ka sayi katin nan na Heritage Card na hukumar OPW mai kula da kayan tarihin gwamnati. Shekara guda yake yi, kuma duk wuraren da zan ambata yana shigar da kai. Gidajen sarautar Blarney da Bunratty dai ba sa ciki, kuɗinsu daban.

Ranar farko ka nufi kwarin kogin Boyne, arewa da Dublin. Newgrange kabari ne da aka gina wajen shekara 5,200 da suka wuce, ya girmi dalar Giza ta Masar. Ba a zuwa masa kai tsaye. Sai ka kama gurbi ta intanet tun da wuri, ko da kana da kati, ka je cibiyar baƙi ta Brú na Bóinne, motarsu ta kai ka. A ciki za ka bi wani siririn lungu mai tsawon mita 19, kafaɗarka na gogar dutse, wani wurin sai ka sunkuya. Can ƙurya ɗan jagora zai kashe fitila, duhu ya rufe ku ƙirin, sannan ya kunna wani ɗan haske da ke rarrafowa ta ƙasa, kwaikwayon yadda hantsi ke shigowa ɗakin a kwanakin da ke kusa da 21 ga Disamba. Wannan minti ɗaya, a wurina, ya biya kuɗin jirgi. Da yamma ka ƙarasa Trim, ganuwar da Hugh de Lacy ya fara ginawa wajen 1172, wadda ta fi girma a duk gidajen sarautar da Normawa, mayaƙan da suka tsallako daga Birtaniya, suka gina a ƙasar.

Kashegari ka yi kudu. Ka tsaya Kilkenny, gidan zuriyar Butler da aka miƙa wa mutanen gari a 1967 kan fam 50 kacal, ka kwana can. Da sassafe sai Dutsen Cashel, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Nan ce fadar sarakunan Munster, yankin kudancin ƙasar, har 1101, lokacin da sarki Muirchertach Ua Briain ya ba coci kyautarta. Ka tambayi lokacin shiga ɗakin ibada na Cormac, wanda aka keɓe a 1134, domin sai da ɗan jagora ake shiga. Gidan sarautar Cahir na nan kusa, a kan wani tsibirin dutse cikin kogin Suir.

Tuƙi a hannun hagu ake yi. Hanyoyin ƙauye matsattsu ne, shingen dutse da ciyayi dama da hagu, ka sha kwana ka yi kiciɓis da tarakta ko garken tumaki. Idan ba ka saba canja giya da hannun hagu ba, ka nemi mota mai giyar otomatik tun wajen haya.

Ka riƙe rigar ruwa ko da gari ya waye da rana, da takalmi mai kama ƙasa, don matakalan hasumiyoyin a murɗe suke, ga santsi. A masauki ka faɗa tun dare cewa ba ka cin naman alade, domin karin kumallonsu cike yake da shi, har da wani baƙin tsiran jini. Ƙwai, kifi da burodinsu sun wadatar. Idan a watan Yuni za ka je, ka duba jadawalin salla, magariba kan kai kusan ƙarfe goma na dare.