Yadda ake horar da ɗalibin likitanci a asibitin gunduma

Idan aka turo maka ɗalibin likitanci daga jami'ar Garwa da ke arewacin Kamaru zuwa asibitin gunduma, kada ka yi gaggawar damƙa masa majinyata. A makon farko ka haɗa shi da ma'aikacin jinya mafi daɗewa da kuma ungozoma, domin su ne suka san garin da mutanensa. Karatunsa da Faransanci ya yi, alhali masu zuwa asibitin da Fulatanci ko Hausa za su faɗi ciwonsu, saboda haka wajibi ne ya iya tambayar inda ke ciwo da ranar da ya fara ba tare da tafinta ba.

Ka tsara horon bisa yanayin shekara. Da damina zazzaɓin cizon sauro ne ke cika ɗakin yara, sai ya ƙware a gwajin jini na gaggawa da lissafin allurar artesunate, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, bisa nauyin yaro. Da rani kuwa, sanƙarau ne abin lura. Kowane yaro daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5 ya auna masa kaurin dantse, ya san cewa abin da ya gaza milimita 115 tamowa ce mai tsanani.

Saran maciji ya cancanci a zauna a kansa, domin kububuwa ta yi yawa a gonakin kwarin Binuwai. Ka sa shi da hannunsa ya ɗebi jinin manomin da aka kawo, ya zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, ya ajiye ta minti 20 ba tare da girgizawa ba, sannan ya karkata ta. Idan jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, kuma maganin dafi ake nema nan take. A ganina, wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai sake mantawa ba.

Ɗinkin rauni da karɓar haihuwa kuma, sai ya kalle ka tukuna, sa'an nan ya yi kana tsaye a kansa. Gyaransa ka yi shi a ofis, ba a gaban majinyaci da danginsa ba. Kafin ya koma, ka tabbatar ya san wanda ya kamata a tura babban asibitin Garwa ko Marwa tun da sauran rana, kuma shi zai rubuta takardar turawar, ka duba, ka sa hannu.